Labarin da Ya Rasa Gafaka

Ranar da Hansai ta fara ganin Mudi, zare ta kai rini. Innarta ta yi damina guda tana kaɗi, ta tara zare fari fat, ta ce a kai karofi wurin marina tun kafin masaƙa su cika wurin da aikin kaka. A wancan zamani jihadi ya daɗe da lafawa, Maska kuwa gari ne na marina da masaƙa, fatake na zuwa daga nesa sayen turkuɗi.

Hantsi ne, amma ta tarar da bakin karofin a cike kamar ana rabon wani abu. Masu jiran kaya sun zazzauna a kan duwatsu. Wani makiyayi ya bar tumakinsa suna ɓarna a gonar waken mutane bai ko waiwaya ba. Duk idanu na kan wani dogon saurayi da ke tsaye a bakin rami yana juya ruwan baban rini da muciya, hannuwansa sun rine har gwiwa. Magana yake yi, muciyar tana bin maganar.

"Sai na isa Mahuta rana ta take tsaka," in ji shi. "Na tarar da Mero a gindin tsamiya tana yi wa ƙanwarta tsifa. Ta ɗago kai sau ɗaya, ta ce, 'Ummaru, ka dawo da alkawarin, ko kai kaɗai ka dawo?'"

Wata mai fura ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Mero!" Hansai ta duba, sai ta ga ashe gwaggonta ce, Tasalla, ƙanwar mahaifinta, ta ajiye ƙwarya ƙudaje na biki a kai.

Hansai 'yar Malam Maharazu ce, ta tashi a gidan da kowane abu ke da muhallinsa. Bakinta ya riga ta.

"Kai mai hannun shuni! Tatsuniya da rana tsaka? Ba a gaya maka mai yin haka ɓacewa yake yi ba?"

Muciya ta tsaya. Saurayin ya juyo, ya dube ta, ya ɗan daɗe yana dubawa.

"Ba tatsuniya ba ce, 'yan mata. Kin ji na ce ga ta nan ga ta nanku? Kin ga Gizo ko Ƙoƙi a ciki?"

"To ya faru ke nan?"

"Bai faru ba."

"In bai faru ba, kuma ba tatsuniya ba ce, to mene ne?"

Ya sosa ƙeya, ya bar wa kansa shuɗin tabo a wuya.

"Wallahi ban sani ba."

Aka kwashe da dariya. Gwaggo Tasalla ta jawo Hansai gefe ta raɗa mata, raɗar da kowa ya ji, "Rabu da shi, kunya yake ji. Mudi sunansa, kuma shi ne Ummarun. Wa zai san zuciyar mace haka in bai gani ba?"

Hansai ta miƙa zaren ta juya gida. Sai da ta kai ƙofar zaure ta tuna ba ta faɗi irin rinin da Inna ke so ba.

Bayan kwana kaɗan Gwaggo ta shigo da wani ɗan ƙaramin allo a ƙarƙashin faifan furarta. Ita ba ta karatu, don haka ta miƙa shi da murmushin wadda ta riga ta san komai. Hansai, wadda mahaifinta ya koya wa ajami tun tana ƙarama, ta shige ɗaki ta karanta.

"Zuwa ga Alƙaliyata. Tambayarki ta hana ni sukuni. Jiya na manta rigar wani a rami har ta yi baƙi ƙirin, alhali shuɗi ya ce. Na sha faɗa wurin Baffa. Ki taimaka ki yanke hukunci, ko ki rage mini zafi da gaisuwa."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta wanke allon ta rubuta nata.

"Mai hannun shuni, alƙali ba ya hukunci sai ya ji magana daga farko. An ce kana rubuta abin a takarda. Aiko in duba. Gaisuwa kuwa ga ta nan, amma 'yar ƙarama ce, kada ka saba."

Ashe Mudi ya yi karatun allo har ya sauke kafin ya shiga sana'ar gidansu. In ya yi wa fatake rini, wani lokaci takarda yake karɓa a madadin lada, ya zauna bayan la'asar ya rubuta abin da ya faɗa da safe. Takardun suka fara zuwa kaɗan-kaɗan, suna ƙamshin baba da fura.

Hansai ta zauna da niyyar yin hukunci, sai ta manta. Labarin wani saurayi ne, Ummaru, da ya yi wa Mero alkawarin ba zai bi fatake ba, sannan ya bi su. Ba aljani, ba dabba mai magana, ba sarkin da ya ba da rabin gari. Mutane ne kawai, masu gardama a kan gishiri, masu kuka a bayan rumbu. Ranar da ta kai inda Mero ta ɓoye takalman Ummaru don kada ya tafi, audugar da aka ba ta gurza ta wuni a faifai ba a taɓa ta ba.

Da ta je karɓo zare, Mudi ya taso da sauri har ya kusa zamewa cikin rami.

"Alƙaliyata, an yanke?"

"Ba tarihi ba ne, ba ka faɗi wanda ya gaya maka ba. Ba ƙissa ba ce, babu annabi ko waliyyi a ciki. Ba waƙa ba ce."

"Saura me?"

"Saura ka gaya mini ko Mero za ta yafe masa."

"Ke da ke ce, za ki yafe?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyalenta. "Ni ai ba zan ɓoye takalma ba. Ƙona su zan yi."

Mudi ya yi dariya har marina suka juyo. Sannan ya rage murya. "Hansai, ni ba ni da inda zan tafi. In kin yarda, Baffa zai zo gaida Malam."

Ta juya ta tafi ta bar zaren a can, da gangan.

Malam Maharazu mutum ne mai haƙuri, ba ya ɗaga murya ko ga akuya. Ɗakin karatunsa turaku ne jere a bango, kowanne da gafakar fata rataye. Ta fiƙihu daban, ta tarihi daban, ta ƙissoshi daban, ta waƙoƙin wa'azi daban. Ya karɓi baffan Mudi da fara'a, ya saurare shi har ƙarshe.

"Gidanku gidan mutunci ne," in ji Malam. "Sana'a kuwa yaron yana da ita. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. An ce yana zuba tawada a takarda yana rubuta abin da ba a san sunansa ba. A kawo in gani. In ya sami gafakar da zai shiga a ɗakin nan, shi ma mai shi ya sami wurin zama a gidan nan."

Hansai na bayan katanga tana tankaɗe. Ta ji komai.

Ana cikin jiran hukuncin Malam sai Gwaggo Tasalla ta tafi Mahuta suna. Ta dawo ko ruwa ba ta sha ba ta faɗo ɗakin Hansai.

"Na gani da idona! Tsamiyar tana nan, ga rijiya a gefenta, daidai yadda ya faɗa. Na tambaya ko akwai Mero a unguwar, aka ce akwai mana, har aka nuna mini gidan!"

"Kin gan ta, Gwaggo?"

"An ce ta tafi gona. Amma na ga zanenta a shanya. Saƙi ne mai kyau, 'yar nan. Ashe duk kukan da muke yi ba a banza muke yi ba."

Gwaggo murna take yi, ba ta lura da fuskar 'yar wanta ba. Hansai ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya. Ta tuna yadda Mudi ya kwatanta wushiryar Mero, da yadda take taune leɓe in ta yi fushi. Wa zai san wannan in bai zauna ya kalla ba? Ta jawo allo.

"Mudi, a gaida Mero ta Mahuta. Ka ce mata ta ajiye takalmanka da kyau. Kada ka sake aiko da allon nan."

Kafin rana ta faɗi labarin tsamiya ya zaga Maska. Ya kuma isa kunnen Lawal, babban ɗalibin Malam, wanda ya daɗe yana son Hansai a ransa yana jiran lokacin magana. Lawal ba mugu ba ne, amma ya ga ƙofa a buɗe. Washegari bayan karatu, ɗalibai na zaune, ya gyara murya.

"Allah gafarta Malam, ni dai abin nan hanya biyu gare shi. In Mero tana nan, to Mudi ya yaudari 'yar mutane, ya kuma tona asirinta a bakin karofi. In ba ta nan, to ya tara jama'a yana ce musu na je, na gani, alhali bai je ba bai gani ba. Mai tatsuniya in ta gama takan faɗa da bakinta cewa ƙarya ta shirya. Shi kuwa bai faɗa ba sai an tambaye shi. Mayaudari ko maƙaryaci, wanne za a ba wa 'ya?"

Malam ya shafa gemu. Can ya ce, "Maganarka tana da nauyi, Lawal. Zan duba."

Hansai ta daina zuwa karofi. Inna ta aiki wata maƙwabciya ta karɓo zaren. Amma wata safiya, tana dawowa daga rijiya da tulu a ka, ta tarar da Mudi tsaye a gindin rimi, idanunsa sun faɗa.

"Ki tsaya, don Allah. Magana ɗaya."

"Tulun da nauyi."

"Babu Mero, Hansai. Kowane gari a ƙasar nan yana da tsamiya da rijiya, kowace unguwa tana da Mero. Ni ko Mahuta ban taɓa kwana ba."

"Wushiryar fa? Taune leɓen fa?"

"Wushirya ta wata mai sayar da daddawa ce a kasuwa. Taune leɓen kuwa," ya ɗan yi murmushi, "ban sa shi a labarin ba sai bayan ranar da kika kawo zare. Ga shi ma kina yi yanzu."

Ta saki leɓenta da sauri. "Daɗin baki ne. Kai da ka iya sa tsofaffi kuka, ni ce za ta gagare ka?"

Mudi ya yi tunani, sai fuskarsa ta washe.

"To ga hanya. Faɗi duk abin da kika ga dama ya sami Mero. Kada ki gaya wa kowa. In mutum ce mai rai a Mahuta, ni da ke ba mu isa mu sa ya same ta ba. In kuwa a kaina take, gobe da hantsi zai same ta."

Hansai ta dube shi ta gefen ido. Haushin da ta kwana da shi ya taso.

"Akuya ta cinye mata zanen da ta ajiye na biki."

"Kai, Alƙaliyata, ba tausayi?"

"Har bakinsa mai ado. Kuma akuyar gidan su Ummaru."

Washegari kafin azahar Gwaggo Tasalla ta shigo gida a guje, gyale a hannu, ko rabin furarta ba ta sayar ba.

"Kun ji abin da ya sami baiwar Allah nan? Akuya! Akuyar gidan su Ummaru ta shiga ɗaki ta cinye zanen bikin Mero har bakinsa mai ado! Yarinya tana can tana birgima. Wallahi da ina kusa da sai na yanka shegiyar akuyar nan!"

Hansai ta toshe baki da hannu biyu. Dariya ta ƙwace mata, ta durƙusa a gindin turmi tana yi har hawaye. Gwaggo ta ce lallai 'ya'yan yanzu ba su da imani. Da yamma ta ɗauko wani allon ta aika karofi.

"Mai hannun shuni, na yarda. Ka yafe mini. Ka kuma ba Mero haƙuri, ka sama mata wani zanen."

Amsa ta dawo tun tawadar ba ta gama bushewa ba.

"Hasken idona, na yafe tun kafin ki roƙa. Amma ki lura, mun tsira daga ramin farko mun faɗa na biyu. Yanzu ni ba mayaudari ba ne, maƙaryaci ne. Baffa ya ce in sa Gizo a ciki, in buɗe da ga ta nan, in daina faɗa da rana, a ce tatsuniya ce a huta. In kin ce in yi, zan yi."

Hansai ta daɗe riƙe da allon. Hanya ce mai sauƙi. Amma ta yi tunanin Gizo zaune a gindin tsamiyar Mero, ta ji abin bai kwanta mata ba. Kuma ta san mahaifinta. Wanda ya sauya wa abu riga don ya wuce ƙofa, Malam ba zai ƙara ganin girmansa ba.

"Kada ka taɓa ko harafi ɗaya. Ka ba ni gobe."

Da safe ita ke kai wa Malam tawada. Ta shiga da sallama, ta durƙusa ta ajiye kurtun. Takardun Mudi na kan buzu a gefensa, ba su cikin kowace gafaka. Ta lura an jera su daidai, an kuma sa tsinke a kusa da ta ƙarshe.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yi, uwata."

"Jiya ina shara na ji kana karantar da rabon gado. Mutumin nan da ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da ƙane, a wace unguwa yake? Ban ji an yi jana'iza ba."

Malam ya yi murmushi. "Hansai, ke ma kin san misali ne. Ba a haife shi ba balle ya mutu."

"Amma ba ƙarya ka yi ba."

"A'a. Domin kafin in kashe shi sai da na ce, a ce wani mutum. Duk wanda ke zaune ya san ni na ƙirƙiro shi don a fahimci karatu."

Ya tsaya. Ya dubi 'yarsa, ya dubi takardun, ya sake dubanta. Hansai ta kafa ido a ƙasa, kunnuwanta sun yi zafi.

"Na ga inda kika nufa," in ji shi a hankali. "Amma ki tsaya. Mamacina bai taɓa tura gwaggonki neman gidansa ba. Lawal bai yi kuskure duka ba."

"Haka ne, Baba."

"Kina son yaron nan?"

Ta ja gyale ta rufe fuska. Malam ya yi 'yar dariya.

"Tashi ki tafi. Ki ce wa gwaggonki ta gaya wa marina ina neman su bayan la'asar."

Zaure ya cika har waje. Baffan Mudi na gaba, Mudi na bayansa a takure, ya wanke hannu har fata ta yi ja amma shunin bai fita ba. Lawal na daman Malam. Mata kuwa sun taru a bayan katanga, Hansai a tsakiyarsu, Gwaggo ta manna kunne a jikin ƙofa.

Malam ya ɗauki takardun ya ɗora a cinya.

"Na gwada su a kowace gafaka," in ji shi. "Ta tarihi ta ƙi su, domin tarihi sai da wanda ya gani ya faɗa wa wanda ya faɗa. Ta ƙissoshi ta ƙi su, mutanen ciki irinmu ne masu laifi. Na so in sa su a wa'azi, sai na ga marubucin bai tsaya ya ce ku ji tsoron Allah ba, ya bar mai karatu ya ji da kansa. Tatsuniya kuwa ba ta da gafaka, a bakin kakanni take zaune, kuma wannan ba ɗanta ba ne."

Zuciyar Hansai ta faɗi. Ta damƙe hannun Inna.

"Mudi."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Ka taɓa nufin wani ya ɗauka abin nan ya faru?"

"Ko sau ɗaya, Malam. Duk wanda ya tambaye ni na gaya masa. Ba su yarda ne."

"To laifinka ba ƙarya ba ce. Laifinka gini ka yi ba ka sa masa ƙofa ba, mutane suka shiga ta katanga. Mu malamai muna ƙirƙiro mutum mu kashe shi mu raba gadonsa, ba wanda ya ce mun yi ƙarya, domin mun sanar tun farko. Naka ma misali ne, sai dai ya girma ya yi ƙafafu har ya kai Mahuta."

Aka yi dariya, har Lawal ya murmusa.

"Ga hukuncina. Za ka ƙara takarda ɗaya a gaba, ka rubuta cewa wannan ƙagaggen labari ne, mutanen cikinsa ba a haife su ba, wanda ya ga ya yi kama da wani to kama ce kawai. Kullum za ka faɗa a karofi, da wannan za ka buɗe. Sannan ka taka har Mahuta ka ba masu gidan nan na gindin tsamiya haƙuri, an ce mutanen Maska sun dame su da leƙe. Lawal, akwai saura?"

Lawal ya dubi Mudi. Sannan ya ce, "In an sanar, babu yaudara, Malam. Na janye." Ya miƙo wa Mudi hannu. Ba abu ne mai sauƙi a gare shi ba, kowa kuma ya ga haka, aka yaba masa.

"Gafaka fa, Malam?" in ji baffan Mudi.

"Na aika wa baduku tun da safe ya ɗinka sabuwa. Akwai turke ɗaya da ba kowa a kansa." Malam ya gyara zama. "Na ba Mudi Hansai. Allah ya sa albarka."

Guɗar Gwaggo Tasalla ta tsaga gidan tun kafin a shafa fatiha. Hansai ta faɗa jikin Inna tana kuka tana dariya. Ana watsewa Malam ya riƙe hannun rigar Mudi, ya rage murya, amma matan bayan katanga sun ji.

"Takardun sun ƙare a tsakiya. Shi Ummarun nan, ya cika alkawarin ko bai cika ba?"

"Ban rubuta ba tukuna, Malam."

"To a hanzarta. Ba don ni ba, don tsari."

Da aka ba shi izinin zuwa zance, Mudi ya zo da yammacin farko sanye da riga sabuwar bugu tana ƙyalli. Hansai ta fito ta tsaya a bakin zaure, ƙamshin turaren wuta na bin ta.

"Alƙaliyata, yau dai an yanke."

"Saura sharaɗina."

"Wane kuma?"

"Ba zan shiga gidanka in tarar da wata budurwa tana jiran miji a cikin kanka ba. Ka aurar da Mero kafin a ɗaura namu."

"Ga wa?"

"Ga Ummarunta mana. Amma sai ya sha wuya tukuna. Ya biya zanen da akuyarsu ta ci."

Haka aka yi. Bayan ya dawo daga Mahuta, inda ya tarar Meron gidan tsamiya kaka ce mai jikoki har ta ba shi gyaɗa ya taho da ita, Mudi ya tsaya a bakin rami da hantsi, jama'a sun cika har kan katanga. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku sani abin da za ku ji ƙagagge ne, mutanen cikinsa ba a haife su ba." Gwaggo ta taɓe baki ta ce wa ta kusa da ita, "Malam ne ya sa shi faɗa." Sannan ya aurar da Mero, aka yi ta share hawaye, wani tsoho har da neman a yi addu'a.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, aka ɗaura auren Mudi da Hansai a ƙofar gidan Malam Maharazu. Marina suka zo ƙwansu da kwarkwatarsu cikin baƙaƙen riguna, 'yan'uwa suka taho daga Tsiga da buhunan sabuwar dawa, aka raba goro har ya ishi 'yan kallo. Lawal ne ya ja addu'a, ya kuma ja ta da zuciya ɗaya.

Bayan an gama hidimar biki, wata safiya Mudi ya zauna a tsakar gida da takarda a gwiwa zai fara sabon labari. Amarya ta fito da lalle har yanzu a hannunta, ta leƙa ta kafaɗarsa, ta girgiza kai.

"Maigida, wannan rubutu naka kamar kaji sun yi dambe a kan toka. Wahalar da na sha kafin in karanta Mero, Allah kaɗai ya sani."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ai lokacin ina neman miji ne. Kawo alƙalamin."

Ya miƙa mata yana dariya. Ta zauna kusa da shi, ta gyara takardar a cinyarta, ta tsoma alƙalami a tawada.

"Daga yau kai ka faɗa, ni in rubuta. In kuma ka zalunci wata a ciki, hannuna ba zai motsa ba."

"Na yarda, hasken idona. Rubuta, da sunan Allah."

Ta rubuta.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa gidansu ya cika da dariya da baƙi. Ya haɗa kowane mai nema da wanda zai saurare shi har ƙarshen magana. Amin.